Agogo Uku a Ɗaki Ɗaya: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Katin Sauti

A hutun da ya wuce na koma gida Dodoru da wani buri da na daɗe ina rainonsa. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ci ƙuruciyarsa yana waƙar noma, shi da masu ganga biyu da 'yan amshi. Yanzu ƙarfi ya soma ja baya, gayyar ma ta yi ƙaranci, samarin ƙauye sun fi so a rataya musu sifika a jikin itace su yi ta shara da waƙar fiyano. Sai na ce tun da dai Allah ya sa ina karatun lantarki, kuma ina da 'yar kwamfutar cinya, bari in ɗauki waƙoƙinsa yadda ake yi a situdiyo: muryarsa a layinta, amshi a layinsa, kowace ganga a nata, yadda in na zo haɗawa zan iya ɗaga wannan in sauke wancan.

Abin da ya rage shi ne ƙofofin shigar sauti. Ina buƙatar huɗu. Wani abokina a hostel ya ara mini ƙaramin intafes ɗinsa mai ƙofa biyu. Na sayi irin katin sautin nan mai kama da filasha da ake sayarwa a shagunan kayan waya a Birnin Kebbi, ƙofa ta uku ke nan. Ta huɗu kuwa ramin makirfo na jikin kwamfutar kanta. Na sauke ASIO4ALL, na buɗe Reaper, na ga duk huɗun sun fito reras a allo. Wallahi a daren nan ji nake kamar in an ba ni situdiyon Kano ba zan karɓa ba.

Muka shimfiɗa tabarma a zaure bayan sallar isha'i, suka yi waƙa ɗaya mai tsawo, ta kai minti goma sha biyu. Da na kunna musu, farkonta lafiya lau, har 'yan amshi suna murmushi. Can tsakiya sai aka fara jin ƙas, ƙas, jefi-jefi, kamar ana taka busasshen kara. Kafin a kai ƙarshe gangar da ke ramin kwamfuta ta koma kamar tana amsa kuwwa daga cikin rijiya. Kawu ya yi shiru, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mi kay yi ma kiɗinmu? Mu ba haka munka buga shi ba." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, na'ura ce." Ya ce, "To na'urar taka ba ta jin kiɗi."

Gaskiyarsa. Kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin tun da muka dawo na ji aƙalla mutum uku a cikin makarantar nan suna shirin yin irin abin da na yi. Ɗaya sha'iri ne yana son ɗaukar mandiri da 'yan amshinsa, ɗaya yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ɗayan kuma furojet ne ya sa shi gaba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: jera katin sauti barkatai a kwamfuta ɗaya don a samu layuka da yawa, arha ce irin wadda ba ta ado. Ga mai son koyo, wasa ne mai amfani. Ga mai son ɗaukar abin da ba zai maimaitu ba, ganganci ne.

Bari in faɗi abin da ya faru a zauren nan, don da yawanmu mun ci jarabawar wannan darasi a takarda amma ba mu taɓa jin sa da kunne ba.

Katin sauti ba ya ɗaukar murya a dunƙule. Aunawa yake yi. Yana duba ƙarfin lantarkin da ke fitowa daga makirfo, ya rubuta lamba, ya sake dubawa, ya sake rubutawa, sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Abin da ke gaya masa "yanzu duba, yanzu duba" wani ɗan ƙanƙanen dutsen kwatz ne da ke karkarwa a cikinsa, ɗan uwan wanda ke cikin agogon hannunka. To kowa ya san halin agogo. Ka saita naka da na abokinka yau daidai wa daida, nan da wata guda ku sake gwadawa, za ka tarar ɗaya ya tsere wa ɗaya. Ba lalacewa suka yi ba. Haka aka ƙera su, babu duwatsu biyu da ke karkarwa daidai da juna ɗari bisa ɗari, kuma zafi da sanyi suna ƙara musu saɓani. Duk wanda ya san zafin Kebbi a watan Afrilu, ya kuma san yadda cikin kwamfutar cinya ke ɗaukar zafi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mu yi lissafi, mu ɗalibai ne. Mu ɗauka kati biyu sun saɓa da kashi 50 cikin miliyan ɗaya. Wannan ba wani babban saɓani ba ne, daidai yake da agogon da ke gudu da daƙiƙa huɗu da 'yan kai a yini. A kan 48,000, kati ɗaya zai riƙa wuce ɗan uwansa da awo 2.4 a kowace daƙiƙa. Ba komai, in ji ka. To a daƙiƙa ashirin tazarar ta kai milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A minti goma ta kai awo 1,440, milisakan 30 ke nan. Sauti yana tafiyar kusan santimita 35 a milisakan ɗaya a irin zafinmu. Ma'ana, a ƙarshen waƙar kamar an ɗauki mai ganga ɗaya an matsar da shi mita goma daga sauran, alhali yana nan zaune a inda yake. Manhajar kuwa tana jiran kowane kati ya kawo mata awo iri ɗaya a lokaci ɗaya. In rumbun wani ya cika ya tumbatsa, ko na wani ya ƙare, sai a zubar da wasu awo ko a bar gurbi. Wannan ne ƙas ɗin da muka riƙa ji.

Wani zai ce to ai sai a ja layin gangar baya kaɗan a kan allo, shi ke nan. Na gwada, na yi kwana uku a kai. In ka daidaita farko, ƙarshe ya goce. In ka daidaita ƙarshe, farko ya goce, saboda tazarar ba tsayayya ba ce, girma take yi. Akwai hanyar miƙa layi ko tsuke shi a cikin manhaja, tana kuma taimakawa, amma ba ta dawo da awon da aka riga aka zubar.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Da a ce kowane mai kiɗi yana ɗakinsa shi kaɗai da abin saurare a kunne, da milisakan biyar ko goma ba za su dami kowa ba. Amma a zaure ɗaya suke. Makirfon kawu yana jin ganga, makirfon ganga yana jin kawu, na 'yan amshi yana jin kowa. Duk bugu ɗaya ya shiga layi huɗu. Idan layukan suna tafiya da agogo ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tsayayya ce, kunne ya saba da ita, ita ce ma ke ba ka jin faɗin ɗakin. Idan kuwa tazarar tana motsi, sautin yakan riƙa cin kansa da kansa. Tazarar milisakan ɗaya kacal tana haƙa rami a sauti a wajen zango na 500 a daƙiƙa, inda jikin murya da cikin ganga suke. Tazarar na ƙaruwa, ramin na sauya wuri. Sai ka ji kiɗin yana shuuu, yana sirancewa yana kumbura, kamar ana magana ta cikin bututu ana juya shi. Wannan babu maɓallin da ke cire shi.

Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne, ni ɗan gidan kiɗan noma ne, ya kamata in gane tun farko. Me ya sa ake kiran mai ganga wajen gayya? Don fartanya arba'in su sauka tare. Ka sa masu ganga uku a kusurwa uku na gona, kowa yana bugun ransa ba ya jin ɗan uwansa, ka ga ko za a yi noma. A kowane rukunin makaɗa akwai wanda ake bi. Ni kuwa na tara agogo uku a ɗaki ɗaya ban naɗa musu shugaba ba.

Masu sana'ar sun san da wannan tun kafin a haifi iyayen wasunmu. A shekarar 1967, lokacin da mawaƙan Beatles na Ingila suke aikin faifansu na Sgt. Pepper a situdiyon Abbey Road da ke Landan, na'urar da suke da ita layi huɗu take ɗauka. Da aka zo wata waƙa da ke buƙatar babban rukunin masu goge da busa, sai injiniyansu Ken Townsend ya haɗa na'ura biyu. Bai jera su kawai ya danna tare ba. Ya sadaukar da layi guda a na'ura ta farko, ya naɗi wani amo mai zango 50 a kai, wannan amon ne ke juya injin na'ura ta biyu. Wato ta farko ta zama uban kiɗi, ta biyu tana bi. Da aka shigo zamanin lamba, a farkon shekarun 1990, kamfanin Alesis ya fito da na'urar ADAT mai layi takwas a kan kaset ɗin bidiyo, ana iya jona har guda goma sha shida su ba da layi 128, amma duk da igiyar daidaita lokaci a tsakaninsu. Har gobe manyan intafes suna da ƙofar ADAT da ta S/PDIF da wadda ake kira wod kulok, ƙofar da ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan sai bugun agogo tsantsa. Haɗa kati biyu ba haramun ba ne a wannan sana'a. Sharaɗin dai ɗaya ya ba da lokaci, sauran su karɓa. To duba ɗan katin nan mai kama da filasha, ka nuna mini ƙofar da zai karɓi lokacin ta ciki.

Yanzu bari in yi wa masu ja da ni adalci, don na san akwai su, kuma ba duka suka yi kuskure ba.

Akwai wanda zai ce shi ya jona irin waɗannan ƙananan katunan guda biyu kuma ba su goce ba. Zai iya yiwuwa, ba ƙarya yake ba. Wasu katunan USB ba sa bin agogon kansu, suna ɗaukar lokaci ne daga bugun da kwamfuta ke aikowa ta ƙofar USB sau dubu a daƙiƙa. Irin waɗannan in suna kan tushe ɗaya a cikin kwamfutar, sukan tafi tare. Amma kwalin ba ya gaya maka wane iri ka saya, mai shagon ma bai sani ba, kuma da zarar ka cakuɗa su da katin jikin kwamfuta, ko da intafes mai agogon kansa, zance ya ƙare. Ko ka yi sa'ar agogo ma, saura ingancin ƙofar. An yi ta ne don ɗan makirfon da ke maƙale da abin saurare, na yin waya da hira ta intanet. Ba ta da mazaunin filogin XLR, ba ta ba da wutar bolt 48 da makirfon situdiyo ke buƙata, in ka ƙara mata ƙarfi sai huci, in mai ganga ya saki hannu sai sautin ya daki rufi ya fashe. Ka yi ta fama da agogo, a ƙarshe abin da ka daidaita ɗin huci ne.

Akwai kuma wanda zai ce manhaja tana gyara wannan. E, tana yi, gwargwadon inda kake. A kwamfutar Mac akwai wurin da ake ɗaure katuna da yawa su zama ɗaya, a zaɓi wanda zai ba da lokaci, a sa wa sauran alamar gyaran gocewa. A Linux akwai JACK da 'yan kayan aikinsa irin su alsa_in da zita-a2j, ga kuma PipeWire a sababbin tsare-tsare. Abin da duk suke yi shi ne su riƙa auna gocewar suna sake lissafa awon katin da ke bi, a hankali, don ya yi kafaɗa da shugaban. Yana aiki, kuma ƙas ɗin yana ɓacewa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mutum nawa ne a hostel ɗin nan ke da Mac? Yawancinmu Windows ne a kan tsohuwar HP ko Dell ta hannu. A Windows kuwa, manhajojin kiɗa irin su FL Studio da Cubase da Reaper direban ASIO ɗaya suke karɓa a lokaci guda. ASIO4ALL dabara ce ta tara katunan a ƙarƙashin suna ɗaya, amma tara su a daki ɗaya daban, sa su bin agogo ɗaya daban. Audacity ma da muke ji da ita saboda kyauta ce, na'ura ɗaya take ɗauka daga gare ta a lokaci guda.

Ga 'yan sashenmu da na kimiyyar kwamfuta, ni ina ganin nan akwai furojet mai daɗi wanda ya fi kwafo na shekarun baya a sauya suna. Ka sa Linux a filasha, ka jona katuna biyu, ka raba musu amo ɗaya, ka auna gocewarsu da safe da rana tsaka, ka zana yadda zafi ke taɓa ta. Gwajin ma ba ya buƙatar ɗakin gwaji: ka ajiye makirfo biyu kai da kai, ka tafa hannu sau ɗaya, ka bar na'ura tana ɗauka minti goma, ka sake tafawa, sannan ka buɗa zanen sautin ka ga ko tazarar tafin farko ita ce ta na ƙarshe. Da na yi wannan tafin kafin in tara dattawa a zaure, da ban ji kunya ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta aljihu, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ke lissafin garin kwaki kafin ƙarshen wata, ka ce masa ya sayi intafes mai ƙofa huɗu, kamar ka yi masa ba'a ne. Amma akwai hanyoyi a tsakanin nan da ba mu cika kula da su ba.

Duk ƙofar sitiriyo layi biyu ce, hagu da dama, kuma agogonsu ɗaya. Intafes ɗin abokina mai ƙofa biyu, shi kaɗai, da ya ishe ni a daren nan in da na yi tunani. Sai in ari ƙaramar miksa wajen masu hayar lasifika na biki, in tura muryar kawu gaba ɗaya hagu, in tura ganguna da amshi gaba ɗaya dama, in daidaita su da kunne kafin a fara. Layi biyu ke nan tsaf, murya daban, sauran daban, kuma rabin abin da ake nema a haɗa waƙar baka shi ne a iya fito da kalmomin mawaƙi sama da kiɗi. Ko kuma in ajiye makirfo biyu kawai a gabansu in jera mutanen da kansu, mai ƙarar hannu ya ja baya, mai sanyin murya ya matso. Haka aka ɗauki kiɗa shekaru da yawa kafin a san wani abu wai layi takwas. Da haka ne na sake zama da su kwana biyu kafin in dawo, ƙofa biyu, kwamfuta a kan batirinta don caja da janareta suna shigo da gurnani, muka sami waƙa uku masu tsabta. Ba su kai yadda nake so ba, ganguna biyun a cakuɗe suke, amma kawu ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai.

To me zai hana a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a situdiyon waƙoƙin fim? Nan ne nake so mu tsaya, don a ganina nan ainihin maganar take.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, aka saba da tsari ɗaya: mai kiɗa ya haɗa komai a fiyano ko a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ɗan ɗaki ya hau kai, 'yar amshi ta zo daga baya ta ɗora nata. Ƙofa ɗaya ta isa, shi ya sa ƙananan intafes suka cika gari. Ban raina wannan ba, ya ciyar da dubban matasa kuma ya fitar da waƙoƙin da muke so. Sai dai kiɗanmu na asali ba a kan wannan tsari aka gina shi ba. Ka saurari Narambaɗa da kotsonsa, ko Ɗankwairo da 'yan amshinsa yadda suke karɓe magana daga bakinsa kafin ya dire, ko Shata da masu kalangunsa. A nan ba mawaƙi ke bin kiɗi ba kawai, kiɗin ma yana bin mawaƙi. In ya ga dama ya ja baiti, su jira shi. In ya hango wani ya shigo fage ya sako sunansa, mai ganga ya amsa masa nan take. Ka ce wa kawuna ya sa abin saurare a kunne ya bi ƙwas-ƙwas ɗin na'ura shi kaɗai a ɗaki, ka kashe waƙar kafin a fara. Irin wannan kiɗa dole a ɗauke shi a tare, a zama ɗaya. In kuma ana son a iya gyara shi daga baya, dole ƙofofi da yawa a kan agogo ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama da tsoffin faya-fayan makaɗan ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara ya san zafin rashin wannan. Sai ka maido wuri ɗaya sau goma kana son ka ji kalmar da aka faɗa, kiɗi ya danne ta, kuma babu yadda za ka yi, don komai a layi ɗaya yake. Waɗanda suka ɗauka sun yi iyakar abin da zamaninsu ya ba su, Allah ya saka musu. Mu kuwa da kayan aikin suka zo har cikin jakarmu, wane uzuri gare mu? A Dodoru, a Dalijan, a Kambaza, a Malisa, a ƙauyukan da ke kan hanyar Kalgo, akwai masu kiɗan noma da na dambe da na maharba, da tsofaffin mata masu waƙar daka da ta niƙa, waɗanda ba wanda ya taɓa kai musu makirfo. Ba jiranmu za su yi ba. Kuma dattijo ba kamar abokinka na hostel ba ne da za ka ce masa "guy, a sake, na'ura ta yi ƙas." Wani sau ɗaya zai yarda ya zauna maka.

Shi ya sa nake miƙa kokon bara ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, musamman ofishin daraktan walwala da nishaɗi. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, ƙungiya za ta iya. Intafes ɗaya mai ƙofa huɗu, irin Behringer UMC404HD, ya warware duk abin da na yi shafi biyu ina bayani, don ƙofofinsa huɗu a kan agogo ɗaya suke. In an samu hali a ɗauki mai ƙofa takwas da mazaunin ADAT, irin Focusrite Scarlett 18i20, ta yadda in buƙata ta ƙaru nan gaba za a ƙara wasu takwas ta hanyar da ta dace. Amma in da za a tambaye ni, abin da ya fi dacewa da mu shi ne na'urar hannu irin Zoom H6. Tana da ƙofa huɗu ta XLR ban da makirfo biyu da ke kanta, layi shida ke nan, tana aiki da batir huɗu irin na tocila, tana zuba komai a ɗan katin ajiya, kuma in an dawo makaranta ana iya jona ta a kwamfuta ta zama intafes. Babu neman wuta, babu janareta, babu kwamfutar da za ta daskare ana tsakiyar baiti. A haɗa da makirfo huɗu masu jure wahala, da igiyoyi, da sandunan kafa su, da akwati mai kwaɗo.

Na san abin da za a ce, na ma ji an fara faɗa: kayan ƙungiya ba su da uba, wani zai ara ya tafi hutu da su, shi ke nan. Tsoron a kan hanya yake. Amma muna aron littafi a laburare, muna aron kayan awo a ɗakin gwaji, duk da rajista da katin shaida, sama ba ta faɗo ba. A ajiye kayan a hannun ma'aikacin ɗakin gwaji na wani sashe, ba a ɗakin wani ɗan siyasar ƙungiya ba. A sa kwanaki, a sa ɗan kuɗin aro don sayen batir da gyaran igiya. A kuma sa sharaɗi cewa duk wanda ya ɗauko wani makaɗi ya nemi izininsa a fili kafin ya danna, ya kai masa nasa kwafin, kuma kada ya ɗora a TikTok ko YouTube ba da yardarsa ba. Waƙar tasa ce, mu 'yan ɗauka ne. Kwafi ɗaya kuma ya zauna a laburare da sunan mai waƙar da garinsu da ranar da aka ɗauka.

Ku kwatanta wannan da abin da muke kashewa a daren casu ɗaya na makon ɗalibai, hayar lasifika da kujeru da rumfa, wanda gari na wayewa ba abin da ya rage sai ledar ruwa a fili. Ban ce a daina casu ba, ni ma ina zuwa. Na ce dai a cikin kasafin bana a ware layi ɗaya. Sha'irin nan mai mandiri zai amfana, 'yan wasan kwaikwayo za su amfana, masu son fara shirin hira na podkas za su amfana, mu 'yan lantarki kuma mu samu abin da za mu taɓa da hannu maimakon zane a allo.

Ɗan katin nan mai kama da filasha yana nan a jakata, ina yin darasin intanet da shi, aikin da aka yi shi dominsa ke nan. Kawu kuwa ya aiko mini da saƙo ta bakin ƙanena cewa akwai waƙoƙi bakwai da ba mu taɓa ba, har da wadda ya gada wajen mahaifinsa, kuma ɗaya daga cikin masu gangar zai tafi cin rani da zarar an gama ɗaurin gero. Majalisar ɗalibai za ta zauna a kan kasafi kafin lokacin. Na rubuta takardar buƙata, tana wajena a hostel, duk mai son sa hannu ya neme ni bayan lakca.